Mu riƙa duba tafin ƙafarmu

Manoma da masunta na Madarunfa, akwai wata sankarar fata wadda likitoci ke kira melanoma. Wasu na zaton cutar Turawa ce kaɗai. A'a, tana kama baƙar fata ma, a wuraren da ba mu cika dubawa ba: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce.

Takan fara kamar ɗan baƙin tabo marar zafi. Shi ya sa mai dawowa daga gona yakan ce tuntuɓe ne ya yi. Tabon tuntuɓe yana gushewa, wannan kuwa faɗi yake ƙarawa. Gefensa ba daidai ba, launinsa gauraye. Daga baya ya fashe, ya yi jini, ya ƙi warkewa. A farce, baƙin layi ne mai ƙara faɗi. Ita ce ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, a yatsan ƙafa ta soma masa.

In mun wanke ƙafa da maraice, mu duba har tsakanin yatsu. Mu duba wa tsofaffinmu. In mun ga irin wannan tabo, kada mu kai wa wanzami ya tsaga. Mu tafi asibiti tun kaluluwa ba ta fito a matsematsi ba, lokacin da likita ke iya yanke tabon duka.