Lambu A Bakin Rariya

Idan kaka ta wuce, rani ya kankama, miyar gidajenmu takan koma kuka da busasshiyar kuɓewa. Ba mu raina kuka ba, tana da amfani ƙwarai. Amma jikin yara yana bukatar ɗanyen ganye kuma. Yaron da ya daɗe ba ya samun ganye, ko manja, ko gwanda, yakan kamu da dundumi, watau da magariba ta yi sai ya daina gani sosai. Rashin bitamin A ke kawo wannan, in kuwa an ƙyale shi yakan kai ga makanta.

Wani zai ce, ni ba ni da fadama, ina zan sami ruwa da rani? To, 'yan'uwa, mu dubi rariyar gidanmu. Kowace rana muna zubar da ruwan wanke shinkafa, da na ɗauraye kwanuka, da na wanka. Yakan kwanta a bayan danga, sauro ne kaɗai ke cin ribarsa. Wannan ruwa ya isa ya rayar da ɗan fili mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3. Sai dai ban da ruwan wanki mai sabulu da yawa, ban da wanda ya bi ta masai. A gindi za a zuba, ba a kan ganye ba.

Mu kafce wurin, mu cuɗa ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai, gama ɗanyen kashin kaji yakan ƙone saiwa. Alayyafo ya fi sauƙi ga mai farawa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya shi da yashi kafin a yafa, don kada ya tsiro a cunkushe. Bayan kamar mako 4 ya isa miya. Kada mu tumɓuke shi. In mun yanki kansa kawai, zai sake toho, mu sake yanka. Wanda yake gidan haya a birni sai ya huda gindin tsohuwar roba ko buhu, ya cika da ƙasa. Na'ana'a da ɗoɗɗoya sukan yi kyau a ciki.

A kusurwa mu kafa reshen zogale. Kowa ya san ba shi da wuyar kamawa, amma da yawa suna barinsa ya miƙe har hannu ba ya kai ga ganyen. A riƙa sare shi daidai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa. In ganye ya yi yawa a shanya a inuwa, gama rana tana rage amfaninsa. Kwaɗon da iyayenmu mata ke yi da ƙuliƙuli daidai ne, domin bitamin A yana bukatar ɗan mai kafin jiki ya karɓe shi.

Sauran magana ita ce akuya. Kada mu shuka kome sai mun kewaye wurin da kara ko ƙaya tukuna, a kuma toshe ƙasan shingen saboda kaji.