Babi na Goma Sha Biyu: Lambobin da ke Cikin Hoto

Ranar Lahadi kasuwar Mora take ci. Mai albasa yakan ɗauki hoton buhunansa da waya, ya tura wa mai saye a Marwa ko Garwa. Kafin ya mayar da wayar aljihu, hoton ya isa. To, mene ne ya tashi daga wannan waya ya sauka a waccan? Lambobi ne zalla. Duk wanda ya iya ƙirge daga sifili zuwa 255 zai gane wannan darasi.

Ku buɗe wani hoto a waya, ku sa yatsu biyu ku yi ta buɗa shi. Da farko fuskar za ta ƙara girma. Can gaba sai ta dushe, a wasu wayoyin ma har ku ga 'yan ƙananan akwatuna a jere. Kowane akwati ɗigo ɗaya ne, masana suna kiransa fiksel. Ɗigo guda, launi guda gare shi.

Ɗigogin nan ba a warwatse suke ba. Jere suke kamar shuka a gona: kunya bayan kunya, kowace kunya da ramukanta. In manomi ya ce wa ɗansa, "Je ka kunya ta huɗu, rami na bakwai," yaron ba zai ɓata ba. Haka kwamfuta take nemo ɗigo. Tana faɗin lambar layi, sannan lambar gurbi a cikin layin. Daga kusurwar sama ta hagu take farawa. Ku riƙe wannan da kyau: a yawancin harsunan kwamfuta daga sifili ake soma ƙirge, saboda haka layin farko shi ne layi na 0, na biyu shi ne layi na 1.

In hoton baƙi da fari ne, aikin da sauƙi. Kowane ɗigo lamba ɗaya gare shi. Sifili baƙi ne ƙirin, 255 fari ne fat, abin da ke tsakani toka-toka ne. Irin wannan hoto aka fara shigarwa kwamfuta a Amurka a 1957, lokacin da wani masani mai suna Russell Kirsch ya sa hoton jaririnsa. Layi 176 ne, kowane layi da ɗigo 176.

Hoto mai launi kuwa, kowane ɗigo lamba uku yake bukata: yawan hasken ja, yawan hasken kore, yawan hasken shuɗi. Daga waɗannan uku ake haɗa duk launin da ido ke gani a gilashin waya.

Mu ɗauki tutar Kamaru, wadda kowa ke gani a ƙofar makaranta. Kore ne a hagu, ja a tsakiya, rawaya a dama. Ɗigon da ya faɗo a kore tsantsa zai zama 0, 255, 0: babu ja, kore a cike, babu shuɗi. Na ja tsantsa 255, 0, 0. Rawaya fa? Nan ne mutane ke mamaki. Rawaya 255, 255, 0 ce, wato hasken ja da hasken kore in sun haɗu rawaya suke bayarwa. Mai rini zai ce ba haka abin yake a tukunyarsa ba, kuma gaskiyarsa ce. Haɗin rini daban, haɗin haske daban.

Kun ga ke nan hoto mai launi jadawali uku ne aka ɗora kan juna, na ja, na kore, na shuɗi. Don a taɓo lamba guda a ciki, sai an faɗi abu uku: wane layi, wane gurbi, wane hawa. Wannan shi ne jadawali mai hawa-hawa, kuma a kansa duk aikin hoto a kwamfuta ya dogara.

Yanzu ga lissafi. Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai layi 3,000, kowane layi da ɗigo 4,000. Ɗigo 12,000,000 ke nan. A ninka sau uku, lambobi 36,000,000 a hoto ɗaya. Da haka za a aika su, da datar mai albasa ta ƙare tun hantsi. Shi ya sa waya take matse lambobin kafin ta ajiye su a fayil. Hanyar matsewar da aka fi amfani da ita sunanta JPEG, tun 1992 take aiki. Tana zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya lura da su, sai fayil ya koma 'yan megabait kaɗan.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Hoton da aka yi ta turawa ana sake matse shi, ƙarshenta rubutun da ke ciki ba ya karantuwa. In takardar asibiti ce ko takardar haihuwa za ku aika ta WhatsApp, ku tura ta a matsayin fayil, za ta isa yadda kuka ɗauke ta.

To, yaya manhaja take karanta fayil ɗin? Da farko tana duba kansa, inda aka rubuta irin hoton da faɗinsa da tsawonsa. Sannan ta warware matsin. Sannan ta shimfiɗa lambobin a jadawali, layi bayan layi. Masu rubuta manhaja da harshen Python sukan buɗe fayil da Pillow ko OpenCV, NumPy kuma ya riƙe musu jadawalin. Mai hankali a cikinsu, kafin ya taɓa komai, sai ya tambayi siffar jadawalin. In amsa ta zo 3000, 4000, 3, ya san layi, gurbi da hawa sun zauna daidai. Akwai inda sababbi ke tuntuɓe: OpenCV da shuɗi yake farawa, ja yana ƙarshe. Wanda ya manta da haka zai ga tsakiyar tutarmu ta koma shuɗiya.

Hawan ba dole ya tsaya a uku ba. Tauraron ɗan adam na Turai mai suna Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, hotonsa hawa 13 ne. A mafi kyawun hawansa, ɗigo guda fili ne mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wato gona mai hekta ɗaya ɗigo 100 ce. Wasu hawan suna auna hasken da idon mutum ba ya gani, wanda ɗanyen ganye ke mayarwa da ƙarfi. Da rani, lokacin da dajin gindin duwatsun Mandara ya bushe, gonakin masakwa da lambunan albasa suna fitowa sarai a wannan hawa. Mai lissafi sai ya ƙirga ɗigogin, ya san faɗin abin da aka noma. Da irin wannan ƙirge ake bin ci gaba da ja da bayan ruwan Tafkin Chadi, tun daga hotunan Landsat na Amurka da suka fara a 1972. Hotunan biyun nan kyauta ne a intanet. Ɗan Mora ko Kolofata da ya koyi wannan aiki zai iya auna gonakin garinsu da kansa.

Sai dai lamba ana iya canza ta. Wanda ya canza lambobin wani sashe na jadawali ya canza fuska, ko ya sa hayaƙi inda babu wuta, ba tare da an ga ɗinki ba. A yankin da jita-jita kan sa mutane barin gidajensu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In hoton tashin hankali ya shigo wayarku, ku tambayi wanda ya ɗauka, da ranar, da wurin, kafin ku tura wa wani.

Aiki: ku samo falle ɗaya daga littafin yara mai akwati-akwati. Ku zagaye layi 6, kowane layi da gurbi 9. Gurbi ukun farko kore, uku na tsakiya ja, ukun ƙarshe rawaya. Tutar Kamaru ke nan, amma a bar tauraron da ke tsakiyarta tukuna. Ɗigo nawa kuka samu? Lambobi nawa ke nan gaba ɗaya? Ku fara ƙirge daga sifili, ku rubuta lambobi ukun da ke layi na 2, gurbi na 7.