Zawon lokacin ɗari: abin da ya kamata uwa da mai faɗakarwa su sani

Mutane da yawa suna danganta zawo da damina da gurɓataccen ruwa. Amma idan hunturu ya kama, ɗari ya sauka, gidajen likita kan cika da ƙananan yara masu zawo kamar ruwa, tare da amai da zazzaɓi. Sau da yawa sanadinsa ƙwayar cuta ce da ake kira rota, wadda ta fi tsananta ga yara ƴan ƙasa da shekara 2. Tana fita cikin kashin yaro, ta bi hannu, kwano ko abin wasa zuwa bakin wani.

Dalilin bin diddigi a gidan likita

Ido ba ya rarrabe zawon rota da sauran. Sai an auna kashi a ɗakin gwaji. Shi ya sa ake rubuta shekarun yaro, garinsa da ranar da zawon ya fara, a duba katin rigakafinsa, wani lokaci a nemi ɗan kashinsa. Uwa, kada ki ji kunya ko tsoro. Da wannan lissafi ake gane lokacin da cutar ke tashi, a tanadi magani da wuri, a kuma ga ko rigakafi yana aiki. Nijar ta fara ba jarirai rigakafin rota a 2014. A Madarunfa, jihar Maradi, an gwada wani irinsa mai jure zafi, kuma sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna ya rage zawon rota mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku.

Abin da za ki yi a gida

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kasuwa ba ya taɓa rota. Ƙarewar ruwan jiki ce ke halaka yaro.

1. Ki zuba ƙunshi ɗaya na garin SRO cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Bayan kowane zawo, ki ba ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'i zuwa rabin kofi, cokali-cokali.
2. Ki ba shi zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.
3. Kada ki daina shayarwa ko ba shi abinci, domin zawo ƙofar tamowa ne.
4. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin yi masa tsarki da kafin ki ciyar da shi.

Idan idanunsa sun faɗa, ya kasa sha, ya galabaita, ko kin ga jini a kashi, ki kai shi likita nan take. Haka ma yaron da awon damtsensa ya nuna ja: shi ruwan magani na musamman yake buƙata, a hannun ma'aikatan lafiya.

Ga masu faɗakarwa

Ku ƙirga yara masu zawo a unguwanninku, ku sanar da gidan likita da zarar kun ga suna ƙaruwa. Ku duba katin kowane jariri: ana fara ɗiga rigakafin rota a baki daga mako 6 da haihuwa, kuma sai an cika zagayen kariya ke kammala.