Amsoshin Tambayoyinku: Mai Gidan Haya Da Jan Ƙafa Wajen Gyara

A Najeriya, yarjejeniyar haya ce ke fara nuna wanda gyara ya rataya a wuyansa. Galibi manyan gyare-gyare, irin su rufin da ke yoyo ko bangon da ya tsage, na mai gida ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma ta ɗora masa kula da wajen gini da wuraren da ake tarayya.

Idan mai gida ya yi ta jan ƙafa, ɗan haya ya sanar da shi a rubuce, ya ɗauki hoton ɓarnar. Riƙe kuɗin haya ganganci ne, domin bashin haya hujjar tashi ce. Wanda zai gyara da aljihunsa ya nemi amincewar mai gida a rubuce, ya adana rasit. In sulhu ya gagara, sai kotu.