Kafin yara su fita tashe, a duba kayan wasansu

Da azumi ya kai kwana 10, yaran Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sukan duƙufa haɗa kayan tashe: gemun auduga, tumbin tsumma, jakar Jatau mai magani cike da sassaƙe. Abin gwanin ban sha'awa, amma iyaye, ku leƙa ku ga da me ake haɗa su.

Babban abin da nake ja muku kunne a kai shi ne bindigar katako. Halin rashin tsaro da yankinmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya rataya bindigar wasa, ya rufe fuska da rawani, ya ɓullo daga lungu bayan isha'i, wa zai tsaya tantancewa cikin duhu? Kada a sassaƙa ta sam, haka ma tufafi masu kama da kakin soja. In wasan ya buƙaci makami, a yanka takobin kwali.

Sai gemu. Na ga yaron da ya manna nasa da sufa gulu, da aka zo cirewa har fata ta biyo, ya yi sallah da tabo a haɓa. Jiƙaƙƙen ƙaro ya isa, ruwan ɗumi ke wanke shi. Mafi sauƙi ma, a ɗinka audugar a kan ƙyalle, a ɗaura da zare ta bayan kunne. Kuma auduga ba ta shiri da wuta, don haka a ba su tocila, ban da fitilar ƙwai.

Kwalliyar fuska kuwa, a daka gawayi ko farar ƙasa, a kwaɓa da man kaɗanya. Baƙar hodar da yara ke fasa batir su ɗebo tana cin fata, balle ta shiga ido.