Darasin Noma: Abin da Mai Feshi Ya Kamata Ya Sani

Da zarar damina ta kankama, ɗalibai da yawa kan goya famfon feshi su shiga gona, wasu don taya iyaye aiki, wasu don neman na kashewa. A manyan gonaki kuwa tarakta ce ke jan tankin magani. Ko da wanne aka yi aikin, abin da ke cikin tankin guba ne, kuma mai feshi ya fi kowa kusa da ita.

Aikin yana farawa ne da karanta takardar jikin kwalba. A duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewar maganin, da awon da za a gauraya da ruwa. Ƙara awo ba ya ƙara amfani, sai dai ya ƙone shuka. Launin da ke gindin takardar ma gargaɗi ne: ja ya fi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore.

Kafin a fara, a sa safar hannu ta roba, da takunkumi, da dogon takalmi, da riga mai dogon hannu. A yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta lafa. In bakin famfo ya toshe, kada a hura shi da baki. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a huda ta, don kada wani ya zuba ruwan sha a ciki.

Wanda jiri ko amai ya kama bayan feshi, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.