Sassaucin Harajin Gine-gine a Legas: Wa Ya Amfana?

Dokar harajin filaye da gine-gine ta Jihar Legas, ta 2001, ta haɗe haraji uku wuri guda. Da gwamnatin Ambode ta sabunta ta a 2018, kuɗin ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suka yi ca, har aka rage wa gine-ginen kasuwanci kashi 50 cikin ɗari. A 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta koma ma'aunin biya na kafin 2018.

Sai dai a ganin wannan nazari, sassaucin ya tsaya ne ga mai gini. Ƙaramin ɗan kasuwa, kamar mai shago a Agege, galibi ɗan haya ne. Ƙarin haraji kan iske shi cikin kuɗin haya, ragin kuwa da wuya ya iso gare shi, domin ba a cika ganin haya ta sauka ba bayan ta hau.